Ranar da Bukar Ya Riƙe Aikinsa da Haƙora

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta lissafin da aka koya mini a lakol, makarantar boko ke nan, wanda dama bai zauna ba balle a ce ya tashi. Na manta sunan kumandan na ƙarshe da ya bar ƙasar nan. Jiya ma sai da na nemi hulata har bayan rumbu, alhali tana bisa kaina. Amma ban taɓa mantawa da ranar da bijimin Arɗo Juli ya shigo cikin gardamarmu ya raba ta, ba tare da ya ce uffan ba.

Ku ne kuka tuna mini da ita, ku samarin sarbis ɗin kiwo na yanzu. Shekaranjiya da na biyo ta buronku shan shayi, na tarar kuna musu. Wai masu ilimi sun gano cewa mutum mai tsara magana, wanda ba ya barin kalma ta fita sai ya wanke mata ƙafa, shi ne mai tsari, mai amana, mai hankali. Wanda kuwa bakinsa ke zuba kamar fasasshiyar ƙwarya, to halinsa ma haka yake. Na ce ku dakata, zan rubuto muku amsa. To ga ta. Ku yi haƙuri da rubutun, ban yi nisa a lakol ba kafin ni da mushenmu, wato malaminmu, mu yarda cewa rabuwa ta fi mana alheri. In kuma kun ga Gobir ta leƙo cikin Hausar, ku ƙyale ta, 'yar gida ce.

A shekarun farko na 'yancin kai ne. Tuta sabuwa, kaki sabo, mu ma muna jin kanmu sababbi. Ina cikin ekip ɗin allurar shanu, wato ƙungiyar da ke bin rugage a kamyo, babbar motar aiki, tana yi wa shanu rigakafin bushiya, ciwon da in ya shiga garke sai ya bar makiyayi da sanda kawai. Ga yadda tsanin aikin yake, don wanda bai sani ba. A sama akwai shef, wanda ya yi karatun likitan dabbobi. Ƙarƙashinsa masu allura. Ƙarƙashinsu mai tsaga kunne, shi ke yanke ɗan gefen kunnen saniyar da aka yi wa, don shaida. A can ƙasa kuma, inda tsani ke taɓa turɓaya, sai ni Tanko, mai ƙanƙara.

Kada ku yi dariya. Shi maganin nan gari ne a cikin 'yan kwalabe, kuma ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Daga Maradi ake ɗauko shi cikin akwati, an jera masa ƙanƙara an rufe da garin katako. In za a fara aiki sai a dama shi da ruwan sanyi a zuba a tarmus, daga nan masu allura ke zuƙa. Ƙanƙara ta narke, magani ya mutu, tafiya ta tashi a banza. Kun ga ke nan ran ekip a hannuna yake, kuma na sha faɗa musu cewa da ana adalci a ƙasar nan, minista ya kamata a kira ni.

Wurin aikin kuwa parki muke ce masa: shingen itace mai faɗin baki da ƙuntataccen wuya. A koro shanu su shiga ɗaya bayan ɗaya, a soka, a tsaga kunne, a saki. Wannan duk da sauƙi. Wuyar ita ce shanun su zo. Bafillace ba ya son mai kaki ya ga yawan shanunsa, don a iya saninsa duk mai kakin da ya taɓa zuwa kallonsu, jangali ya biyo bayansa.

Shef ɗinmu a wannan shekara sabon zuwa ne, Mushe Hamani, Bazabarme daga bakin kogi. Saurayi ne dogo mai tabarau, mai guga a wando ko a tsakiyar daji. Da girmansa ya koyi Hausa, kuma yana fito da ita kamar mai zaro ƙwai daga cikin tulu, ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari ko guda ya fashe. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma yana da wani ilimi da ya ɗauko, ban san daga wane littafi ba. Ya raba mutanen duniya aji biyu: ajin masu awo da ajin masu zubarwa.

"Ku ba ni mutum in saurare shi gwargwadon shan shayi," in ji shi, "sai in gaya muku ko za a ba shi amana. Nasara ya yi mana magana kamar mai korar jaki. Yanzu mu ne gwamnati. Duk wanda ya sa kakin ƙasa, bakinsa ma ya sa kaki."

Kuma Allah ya ba shi misali biyu a cikin masu allurarsa, kamar da gangan. Na ajin awo shi ne Sanusi, mutumin Tibiri, ɗan siriri mai farar hula. Sanusi ba ya cewa "ba ni ruwa". Sai dai, "In babu takura, ko za a taimaka mini da ɗan ruwa." Kafin ya gama roƙo wani ya sha ya yi alwala. Na ajin zubarwa kuwa Bukar ne, Babarbare daga can gabas, ƙato mai tsage a fuska. Shi bakinsa ke tashi daga barci kafin idonsa. Yana zagin kamyo, yana zagin rana, yana haɗa Hausa da Barbarci da guntun Faransanci kamar fate-fate, bai damu da wanda ya hau kan wani ba.

Ni ma ina da nawa ilimin, ba shef kaɗai ya iya ba. A wurina mai lallaɓa magana matsoraci ne, mai ihu kuwa namiji. Da za a ce in zaɓi wanda zan shiga daji da shi, Bukar zan ɗauka, in bar Sanusi ya tsaya yana neman izinin kura.

Sai kuma wani ciwo da ni kaɗai ke ɗauke da shi. Ni Bagobiri ne, Mushe Hamani Bazabarme. Kun san abin da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni: abokin wasana ne, bawana ne, halal ne in zage shi da safe in ci tuwonsa da rana. Amma ga shi shef. Tun daga Gazawa, muka yi Agiye, muka ratsa Maradi muka ɗauki sabuwar ƙanƙara muka nufi yamma, zagi na nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi, ba ta fita ba ta wuce.

Bayan kaka ne, shanu sun sauko cin kara a gonaki. Muka wuce Gidan Sori, muka wuce Gidan Rumji, muka sauka kusa da rugar Arɗo Juli da rana ta karkata. Mutanensa sun daɗe da zama, suna noman gero da wake kamar kowa, amma zuciyarsu na wurin shanu. Arɗo ya fito tarbarmu: tsoho siriri, malfa a kai, sanda a gicciye bisa kafaɗu. Mushe Hamani ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, yana shirin zaro ƙwan farko, sai Bukar ya diro daga kamyo.

"Kai, Juli! Har yanzu ba ka mutu ba? Wa ya ba bawa izinin tsufa ba da sanin ubangijinsa ba?"

Ya kai hannu ya kaɓe malfar. Ta yi birgima har gaban takalmin shef.

Arɗo ya sunkuya ya ɗauki abarsa, ya kakkaɓe, ko a jikinsa. "A'a, wa ya kwance wannan? Likita, a ina kuka tsinci Babarbaren nan? Mun daɗe muna cigiyarsa, tun da ya gudu da ragowar furar kakana."

"Bukar! Silans!"

Ban taɓa jin muryar shef ta hau haka ba. Ya ba Arɗo haƙuri cikin Hausa mai guga, ya ja mu bayan kamyo. Na ce bari in sa baki.

"Mushe, ai wasan Barebari da Fulani ne. Ba komi cikinai."

"Na san wasa, Tanko. Ni ma ɗan ƙasar nan ne. Amma wasa a gida ake yi, ranar suna ko ranar kasuwa. Nan Jamhuriya ce ta zo gaida dattijo, sai ta kaɓe masa malfa?" Ya juya ga Bukar. "Wanda bai iya riƙe harshensa ba, ba zai iya riƙe allura ba. Daga yau aikinka riƙon tarmus, shi ba ya buƙatar baki. Ranar da muka koma Maradi zan yi rapor, ka ajiye kaki."

Ku da kuke da takardar ɗauka ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Mu a lokacin, daga masu allura zuwa ƙasa, kalmar shef ce igiyar da ke riƙe da mu. In ya rubuta a rapor cewa ba ka dace ba, shi ke nan. Bukar kuwa bai daɗe da ɗauko matarsa da 'ya'yansa daga gabas ya ajiye su a Maradi ba. Ba shi da gona a nan, ba shi da dangi, kakin nan shi ne rumbunsa. Ya je ya ɗauki tarmus ya rataya, ya zauna a gindin wata aduwa. Shirun da ya yi har tsoro ya ba ni, kamar kasuwa ta watse da hantsi.

Da la'asar shef ya aiki Sanusi ya je ya yi wa Arɗo bayani yadda ya kamata. Na raka shi. Tun daga nesa Sanusi ya tuɓe takalma. Ya durƙusa. Ya gaida Arɗo, ya gaida iyali, ya tambayi lafiyar shanu, da maruƙa, da rijiya, da gajiyar kaka. Sa'an nan ya ce:

"Allah ya ja zamanin Arɗo. Gwamnati ce ke neman alfarma. In babu takura, in kuma Arɗo ya ga dama, gobe da hantsi a ɗan leƙo da dukiya parki, a ɗan duba lafiyarta."

Ni ina kallon fuskar tsohon. Duk lokacin da Sanusi ya ƙara ladabi, sai in ga idon Arɗo ya ƙara tafiya wajen daji. Da aka gama ya ce, "To. Madalla. Mun ji. Allah ya kai mu."

Muka koma muka faɗa wa shef. Ya ji daɗi har ya tafa hannu. "Wala! Kun gani? Magana mai kyau, amsa mai kyau."

Washegari muka yi sammako muka shirya parki. Hantsi ya yi. Abin da ya zo mana: 'yan tsofaffin shanu da ba su cika yatsun hannu ba, wata makauniya, wata ba haƙori, sai wani jaki da ya biyo su kallo. Sawun garke kuwa ga shi nan rututu ya miƙe arewa. Na buɗe akwatina na duba, na rufe da sauri.

"Mushe, ƙanƙara ta fara kuka. In ba a yi aikin ga yau ba, gobe ruwan alwala za mu tarar."

Shef ya miƙe. Ya sa hularsa ya nufi ruga da ƙafa, na bi shi a baya. Muka tarar da Arɗo zaune bisa buzu yana tufkar igiya, kamar wanda bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba.

"Baba Arɗo," in ji shef, "jiya an yi maka rashin ladabi, na hukunta wanda ya yi. Na aiko maka da mai ladabi. Ina shanu?"

"Likita, ai ladabin ne ya kore su."

"Ban gane ba."

Arɗo ya ajiye igiya. "Na tsufa ina ganin masu kaki. Wanda ya zo yana ihu, nono yake so, a ba shi ya sha ya tafi. Amma wanda ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya kira shanuna dukiya, wannan sai na zagaya garke bayan tafiyarsa in ga wa ya ɓata. Yaron nan naka ya gaishe ni har da maruƙa. Na ce wa 'ya'yana, wannan gaisuwa ta fi ƙarfin allura, ku yi arewa."

"To Bukar da ya zage ka fa?"

"Wannan ai bawana ne. Ƙarya yake tun safe har yamma, amma ba ya cutata. In ya cuce ni, abin da ke tsakanin kakanninmu ba zai bar shi ya ga alheri ba, shi ma ya sani. Da ya ce mini allura ce, to allura ce. Sai na ga kun ja shi bayan mota kun ɗaure masa baki. Na ce to, akwai abin da ba a so ya faɗa mini."

Kun ji fa. Ashe Arɗo ma yana da nasa ilimin, ya raba duniya aji biyu, sai dai shi ya kifar da ƙwaryar shef ne. Masana uku ke nan a daji guda: shef, Arɗo, da ni.

Mushe Hamani ya ce, "Bon." Muka koma parki, ya kira Bukar.

"Ka je ka yi masa abin nan naku. Amma ka sani, rapor yana nan. Kawo shanu da zagi ba ya mai da mutum mai hankali."

Bukar ya miƙa mini tarmus ya tafi. Daga inda muke muna jiyo shi. "Kai mai ƙafafu kamar karan dawa! Ka ɓoye mini shanuna? Shanun da ubana ya ba ubanka kiwo?" Can sai ga shi ya dawo da gudu, sandar Arɗo a hannunsa yana kaɗawa sama. Sandar Bafillace fa, wadda ko ɗansa ba ya taɓawa. Yana waige yana ihu: "Tana parki! Ka zo da garke ka fanshe ta!" Arɗo kuma na bayansa yana jero masa nasa, har da na tallan kanwar Barebari da na tsagen fuska, 'yan ruga na ta dariya.

Kafin azahar muka ji ƙasa tana rawa. Shanu ne, jajaye da farare, har iyakar ganin ido.

Na duba akwati na ga ƙanƙara saura guntu kamar sabulun da aka gaji da shi. Shef ya ce a dama duk maganin da ya rage a zuba a tarmus, a yi sauri. Aka mayar wa Bukar tarmus ya rataya, ya tsaya a gefen Sanusi, don hukunci bai tashi ba. Aiki ya kankama. A soka, a tsaga, a saki.

Muna tsakiyar garke sai ga jan bijimin Arɗo ya shigo wuyan parki. Ƙahonsa kamar mutum ya buɗe hannuwa zai rungumi rumbu. Allura na shiga, ya yi wani nishi, ya juya, ya sa ƙaho ƙarƙashin itacen shinge ya ɗaga. Itace ya ce ƙaras. Sai ga shi a waje, a tsakiyarmu.

A nan ina son a rubuta tarihi daidai. Akwai masu cewa na gudu. Ban gudu ba. Na tuna ne kwatsam cewa tun da muka sauka ba wanda ya duba ko rijiyar ruga tana nan inda take, na ga wannan sakaci ne, na tafi dubawa cikin hanzari. Daga bayan kututturen bakin rijiyar kuma na ga komai sarai.

Mai tsaga kunne ya shige ƙarƙashin kamyo. Mushe Hamani ya haye can saman shinge, tabarau na reto a kunne guda, bijimi kuma ya zaɓi turken da ke ƙarƙashinsa yana tunkuya. Duk tunkuya sai shinge ya girgiza. Sai na ji wata murya tana zuba kamar ruwan Agusta. Shef ne, da Zabarmanci. Ba na jin harshen sosai, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. Ya zagi bijimin, ya zagi uwarsa, ya hau kan kakanninsa, ya sauko kan wanda ya kafa shingen, ya tsallaka Faransanci, ya faɗo Hausa ta gefen da ba a shiga. Ƙwai kam ranar ba wanda bai fashe ba.

Na nemi namijina Bukar, wanda zan shiga daji da shi. Yana can ƙololuwar aduwa. Aduwa fa, mai ƙaya kamar basilla. Ban san ƙato irinsa na iya hawan bishiya haka ba. Kuma bai ce ko a ba, duk tsawon abin.

Sanusi kaɗai ya rage a fili. Ya ajiye allura bisa akwatina a hankali. Ya cire farar hularsa, ya matsa kusa da shinge ya miƙa ta sama.

"Mushe, in babu takura, a ɗan riƙe mini."

Shef ya karɓa, bai ma san ya karɓa ba. Sanusi ya naɗe hannun riga, ya tafa cinya, ya kurma wani ihu da ban san yana da maƙogwaronsa ba: "Sai ni ɗan fawa jikan fawa! Ƙaho matashin kaina!" Bijimi ya bar shinge ya juyo kansa. Shi kuwa maimakon ya kauce, sai ya tare shi a guje, ya faɗa tsakanin ƙahonin nan, ya rungume wuya ya maƙale. Hawan ƙaho sosai, irin wanda 'ya'yan mahauta ke yi a jajibirin salla, sai dai su da igiya a ƙafar sa suke yi, shi kuwa ba ko zare. Bijimi ya yi sama da shi, ya yi ƙasa da shi, ya zagaya fili, Sanusi na nan kamar kaska. Kafin nan samarin ruga sun jefa igiya a ƙafar baya, suka ja, ƙato ya kife.

Sanusi ya miƙe, ya kakkaɓe wando, gwiwa na jini. Ya je gindin shinge. "Na gode, Mushe. A gafarce ni da ɗawainiya." Ya karɓi hularsa ya sa.

Arɗo Juli ya riƙe haɓa. "Ashe mai gaisuwar nan mahaukaci ne."

Sai aka koma kan Bukar. Aka yi ta kira ya sauko, ba ya amsawa. Da ya zamo ƙasa muka ga dalili. Jikinsa duk ƙaya, riga ta yage, hannuwa na jini, igiyar tarmus kuwa tana tsakanin haƙoransa, ya datse ta har jijiyar wuya ta fito. Da bijimi ya ɓalle, hannu biyu yake buƙata don hawa. Da ya yar da tarmus ba wanda zai ga laifinsa, aikin ma an riga an kore shi. Amma ya cije. Shef ya karɓa ya buɗe ya leƙa: ko ɗigo bai zube ba, kuma da sauran sanyinsa. Ranar ce kaɗai na ga bakin Bukar ya yi wa gwamnati aiki a rufe.

Yana samun bakinsa kuwa ya juya: "Juli, bijiminka ya gado ka. Ba hankali, ba godiya."

Aka ɗaure shinge da igiya, aka ci gaba. Da abin da ke cikin tarmus ɗin nan muka gama garken kafin rana ta faɗi.

Matan ruga suka kawo nono da fura, muka zauna gindin aduwar. Shef yana juya ludayi. Can ya ce, "Sanusi, na ɗauka kai ne mafi taka-tsantsan a ekip ɗin nan."

"A gafarce ni, Mushe. Ni ɗan mahauta ne. Ina yaro i'ina gare ni, kalma guda sai ta kai ni azahar, yara na dariya. Kakata ta ce in riƙa taka magana kamar mai tafiya bisa santsi. Shi ne na saba. Ba hankali ba ne, tsoron faɗuwa ne. A gaban sa kuwa ban taɓa i'ina ba."

Nan na ga ƙofa ta buɗe. Na san in ban shiga yau ba, Bukar ya tafi, ƙayar kifin nan kuma da ita za a binne ni. Na gyara zama, na ɗaure fuska irin ta masu ilimi.

"Mushe, ina da tambaya ta karatu."

"Ina ji, Tanko."

"Wanga wa'azi da munka ji bisa shinge ɗazu, wane aji za a sa mai shi? Na awo ko na zubarwa? Don ni tun da anka haife ni ban taɓa jin an bi saniya da zagi har kakanninta ba. Ko dai kopto ne ya motsa?"

Kopto, ga wanda bai sani ba, kwaɗon ganye ne da Zabarmawa ke ci su ce sun ci abinci.

Mai tsaga kunne ya daina haɗiya. Na ce a raina, to Tanko, yanzu rapor ya zama na mutum biyu. Mushe Hamani ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Tanko."

"Mushe."

"Tun Gazawa nake jira in ga ranar da bawan nan zai tuna da ubangijinsa. Bagobirin banza, mai fuska kamar kaji sun yi tono! Kai ne za ka tambaye ni aji? Kai da ka bar ƙanƙarar Jamhuriya a rana ka tafi gaida rijiya?"

Dariya ta tashi har Arɗo ya ƙware da fura. Kuma ku ji abin mamaki: Hausar da ya zage ni da ita duk a karkace take, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma ban taɓa jin Hausarsa ta yi daɗi kamar ranar ba. Da ya huce ya ce mana, shi ma abin da ya sa yake awon maganar nan, tsoro ne kada Gobirawa su yi masa dariya ranar farko ya rasa girma har abada. A gidansu, in ji shi, shi ne wanda ake kora daga tabarma saboda surutu.

Sai ya dubi Bukar, wanda ke zaune yana cire ƙaya daga cinya.

"Rapor zan yi shi, don na faɗa. Zan rubuta abin da na gani: ka riƙe maganin ƙasa da haƙora. Gobe ka karɓi allurarka. Amma sharaɗi guda: muddin kaki na jikinka, ba ka ƙara taɓa malfar dattijo."

Bukar ya yi ɗan tunani. "In na tuɓe kakin fa, Mushe?"

"Wannan tsakaninka da bawanka."

"Wa ye bawan?" in ji Arɗo, ya ɗaga sandarsa da aka mayar masa.

Daga ranar ya zama tsarin ekip ɗinmu, kamar an rubuta shi a doka. Duk rugar da muka isa, Bukar zai tuɓe rigar kaki a bisa kamyo, ya ninke ta da kyau, ya diro da 'yar shara, ya zagi arɗo iya son ransa, arɗo ya rama. Sa'an nan ya koma ya sa riga, ya ɓalla maɓallai har wuya, shef ya sauko ya yi gaisuwar Jamhuriya. Shanu kuwa ba su ƙara yi mana arewa ba. Bukar da kakin nan ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya ajiye aiki.

To samari, ga amsata. Ban ce baki ba ya faɗin komai ba. Yana faɗa. Amma abin da na gani, yadda mutum ke magana ya fi nuna inda ya taɓa zamewa da wanda yake tsoron ya yi masa dariya, bai cika nuna abin da zai yi ba in ta ɓaci. Mu masana uku ne ranar, kowa da ajinsa, sa guda ya kore mu daga lakol. A aikin nan namu, in kuna son sanin halin abokin aiki, kada ku tsaya sauraronsa a buro ana shan shayi. Ku jira ranar da shinge zai karye, ku duba abin da ya saki da abin da ya cije.

Game da rijiya kuwa, tunda na san za ku tambaya: tana nan. Na duba da kyau.